Zaman Ƙasashen Ƙetare: Tambayar Da Ba Mu Yi Kafin Ɗaure Kaya

Duk shekara idan damina ta faɗi, sashen bincike na kamfanin da ke buga mujallar Economist ta Ingila kan fitar da jerin biranen duniya 173, tun daga wanda ya ce ya fi daɗin zama har zuwa wanda ya fi wuya. Biyana, babban birnin Ostiriya, ita ta riƙe kambun a 2022 da 2023 da 2024, kafin Kofanhagan ta ƙasar Danmak ta karɓe shi a 2025. Dimashƙa ta daɗe a can ƙarshen layi, Legas tamu kuwa ba ta cika yin nisa da ita ba. Jaridunmu kan ɗauki labarin, matasa su yi ta tura wa juna a waya, a yi tsaki, a ce ai dama garin daɗi na nesa.

Abin da ba a cika gaya wa mai karatu ba shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro wannan jeri tun farko. An yi shi ne domin manyan kamfanoni su san nawa za su ƙara wa ma'aikacinsu na alawus ɗin wahala idan sun tura shi aiki wani gari. Ke nan mutumin da ake auna wa garin yana da fasfo mai ƙarfi, da gidan da kamfani ya kama masa, da inshora, da ranar komawa gida. Ba a yi shi domin ɗan Gusau da ya sayar da gonar gado ya biya kuɗin biza ba. Kai, ko a tsakanin waɗancan 'yan gatan ma maganar ba ɗaya ba ce, domin kuwa a binciken da ƙungiyar InterNations ta yi a 2022, inda ta tambayi baƙin da ke zaune a birane 50, Biyana ɗin nan ce ta zo ta ƙarshe wajen sakin fuska ga baƙo. Gari ɗaya, shekara ɗaya, na ɗaya a wannan ma'auni, na ƙarshe a wancan.

Ni a ganina tambayar wace ƙasa ce ta fi daɗin zama ba ta da amsa, saboda babu ƙasar da zamanta iri ɗaya ne ga kowa. Yadda za ka ji zama a wuri ya danganta ne ga sunan da wurin ya ba ka, da kuma ko sunan yana canzawa idan ka daɗe. Wataƙila a ce sana'ata ta nazarin harshe ce ke sa ni ganin komai ta fuskar kalma. To amma a dubi Hausa kanta. Muna da baƙo, wanda muka ce raɓa ne. Muna da ɗan ci-rani, wanda hadarin farko ke mayar da shi gida. Muna da falke, da ɗan gudun hijira, da ɗan kaka-gida, sannan can a sama da ɗan ƙasa. Duka waɗannan za su iya kwana a unguwa ɗaya, su sha ruwan rijiya ɗaya, amma kowannensu da irin garin da yake ciki. Ingilishi ma yana da kalma biyu ga mutumin da ya bar ƙasarsa ya je aiki wata: ɗaya mai ƙamshi da ake kiran injiniyan Bature da ita a Legas, ɗaya kuma mai nauyi da ake kiran likitan Nijeriya da ita a Landan.

Na yi shekara huɗu a arewacin Jamus lokacin da nake karatun digiri na uku, kuma ba zan yi wa ƙasar butulci ba. Ruwan famfo shi ake sha. Maganar janareta ba ta taso ba. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi, katin inshorar lafiya, wadda doka ta wajabta wa kowa, shi kaɗai ake tambaya a asibiti. Ba a cewa a ajiye kuɗi kafin a taɓa maras lafiya. Jami'o'in gwamnati galibi ba su karɓar kuɗin makaranta, sai ɗan abin da ake biya duk zangon karatu. Wanda ya taɓa yawon neman jini da tsakar dare a ɗaya daga cikin asibitocinmu ba zai raina waɗannan abubuwa ba, kuma ba na cikin masu cewa wai duk ruɗi ne.

Sai dai wannan tsari ba a kyauta yake zuwa ba, da jikinka kake biya. Idan ka tare a gida, cikin mako biyu sai ka je ofishin hukumar gari ka yi rajistar adireshinka. Shara kashi-kashi ake zubar da ita, takarda daban, kwalba daban, ragowar abinci daban. Daga ƙarfe 10 na dare ba a son jin motsinka. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, titi kamar an yi shara. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas da rabi na safe, ƙarfe huɗu kuma ta faɗi, sau da yawa ma ba ka ga ƙwayarta ba, ka shiga ofis da duhu ka fito da duhu. A 2015 da 2016, da azumi ya faɗo a watan Yuni, mun riƙa kai sa'a 18 zuwa sama ba mu sha ruwa ba. Duk wannan jiki kan saba. Abin da ya fi wuyar sabo shi ne shirun mutane. A wannan yanki gaisuwa kalma ɗaya ce, "Moin", safe da rana da dare, kuma idan an faɗe ta an gama. Bahaushen da ya tashi yana tambayar kwana da gajiya da iyali da sanyi da labari, sai ya ga kamar an rufe masa ƙofa a fuska. Ba wulaƙanci ba ne. A wurinsu tambayar lafiyar wanda ba ka sani ba shiga sharo ba shanu ne. Amma sanin haka bai hana mutum ya yi wata guda babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma na ga magidanta masu ƙarfin hali da wannan kaɗaici ya kwantar fiye da yadda zazzaɓin cizon sauro zai yi.

Sai ranar da aka yi mutuwa ake gane nisan gida. Mu da muka saba a rasu da safe a binne kafin azahar, can sai an jira takardu, sau da yawa kwanaki. Kabari haya ake ba da shi, galibi na shekara 20 zuwa 30, idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba hukuma na iya ba wani. Jihohi da dama sun daɗe suna wajabta binnewa a akwati, jihar Bavariya ma sai a 2021 ta sassauta. Shi ya sa Turkawa da yawa ke zuba kuɗi a asusun jana'iza duk shekara, domin idan ta Allah ta kasance a ɗauki gawa a jirgi a mayar da ita ƙauyen da aka baro shekara 50 da suka wuce.

Waɗannan Turkawa su ne darasin. An fara kawo su ne da yarjejeniyar 1961, aka sa musu suna baƙin ma'aikata, da nufin su yi 'yan shekaru su koma. Ba su koma ba. Sunan ya bi su, ya bi 'ya'yansu, har daga 2005 hukumar ƙididdiga ta shigo da wani sabon laƙabi, wai masu asalin ƙaura, wanda ke hawa kan yaron da aka haifa a Balin bai san wani gari ba sai shi. Amma duk da haka doka ta motsa. Daga shekarar 2000 yaron da aka haifa a ƙasar na iya zama Bajamushe idan iyayensa sun cika wasu sharuɗɗan zama, a 2024 kuma aka rage shekarun neman zama ɗan ƙasa daga takwas zuwa biyar, aka kuma yarda mutum ya riƙe fasfonsa na asali. Sharaɗin harshe kuwa yana nan, galibi sai ka ci jarrabawar Jamusanci. Wato ƙasa ce mai wuyar sabo, amma tana da ƙofa, kuma an rubuta yadda ake buɗe ta.

Birtaniya, inda mafi yawan ƙwararrunmu ke hari saboda Ingilishi, ita ma tana da ƙofa, sai dai faɗinta na canzawa da iskar siyasa. Daga Janairun 2024 mafi yawan ɗaliban digiri na biyu ba su iya zuwa da iyali, daga Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi, kuɗin lafiyar da baƙo ke biya tare da biza kuma ya koma fam 1,035 a shekara ga baligai da yawa. Wanda ya tafi a 2022 da wanda ya tafi a 2024, ba ƙasa ɗaya suka tarar ba.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa akasin Jamus ne. Sabo ba wuya: ga kiran salla, ga abinci ba sai ka karanta bayan kwali ba, ga albashi babu harajin kuɗin shiga, ga Ɗakin Allah kusa. Amma ƙofa ce babu. Takardar zamanka, iƙama, a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki, ranar da aiki ya ƙare zama ya fara ƙarewa, ko da ka yi shekara 30. Haihuwa a ƙasar ba ta mayar da ɗanka ɗan ƙasa. Saudiyya ta sassauta tsarin kafili a 2021 ta yadda ma'aikacin kamfani zai iya canza aiki ko fita ƙasar ba sai da yardar maigida ba, amma sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida ba, alhali nan ne mafi yawan 'yan matan da dillalai ke kwasa daga garuruwanmu suke faɗawa. Tun 2017 kuma baƙo ke biyan kuɗi duk wata a kan kowane mutum na iyalinsa, aka fara da riyal 100, ya kai 400 a 2020, abin da ya sa magidanta da yawa suka mayar da mata da yara gida. Akwai izinin zama na dindindin da aka fito da shi a 2019, kuɗinsa riyal 800,000. Mai karatu ya lissafa da naira.

A wannan ƙasa ce kuma za ka ga yadda jini ɗaya ke samun suna biyu. A gasar cin kofin duniya ta 2018, kyaftin ɗin Saudiyya sunansa Usama Hausawi, kuma 'yan wasa uku ne a tawagar ke ɗauke da wannan nasaba. Kakanninsu sun zo tun da wuri, aka rubuta su 'yan ƙasa lokacin da ake rubutawa. A bayan wasu unguwannin Makka da Jidda kuma ga waɗanda muke kira Takari, wasunsu can aka haife su, can aka haifi iyayensu, babu takarda, kullum cikin fargabar a kama su a sa su jirgi zuwa Kano da ba su taɓa gani ba. Abin da ya raba su shekarar isowa ce da sa hannun wani magatakarda.

Babu inda wannan magana ta fi ciwo kamar Sudan. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ke amsa sunansa. Kafin su da bayansu dubban mahajjata masu tafiyar ƙasa sun yada zango a hanya domin neman guzuri, zangon ya zama gida. Da aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira a 1925, guminsu na cikin abin da ya ɗaga shi. Masanin nan C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya nuna yadda jikokin jikokinsu ke ci gaba da ɗaukar kansu mahajjatan da ke kan hanya. To amma ƙasar da suka noma fa, me ta kira su? Fallata, kalmar da a bakin mutane da yawa take nufin wanda ba na nan ba. Dokar ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa zuriyarsa na ƙasar tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar ɗimbinsu a waje na tsawon shekaru. A 2022, da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, wadda a can ita ce mabuɗin iko da ƙasar noma, sai rikici ya ɓarke a watan Yuli ya sake tashi a Oktoba, aka kashe ɗaruruwan mutane. Shekara fiye da 100, addini ɗaya, Larabci a bakinsu kamar na kowa, amma da aka zo maganar ƙasa sai aka tuna musu cewa su baƙi ne. Da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023, gwamnatin Nijeriya ta kwaso ɗalibanmu ta iyakar Masar da ta Fot Sudan, domin suna da koren fasfo. Waɗancan ba su da wata ƙasar da za ta aiko musu da mota.

Gana ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya zauna a zangon Kumasi ko Nima ta birnin Akra, wanda fatakenmu na da ke kira Ankara, ya san daɗin wurin. Cinikin goro ta Salaga da ƙasar Gwanja ne ya kafa tushen waɗannan zangogi, yau kuma Hausa ce harshen da ke haɗa Dagwamba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Wangarawa, mutanen da kakannin mafi yawansu ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausar tasu ta bi hanyarta, a bakin da yawansu bambancin "ya" da "ta" ya ɓace, haka ma ƙa da ɗa, ni kuwa ban ga abin dariya a ciki ba, harshen da ya yi tafiya dole ya sauke wasu kaya. A 2017 har ma'aikata guda gwamnatin Gana ta kafa domin raya zangogi, kafin a rushe ta a 2021. Amma tsofaffin zango ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fice, aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Mu ma kada mu yi saurin nuna yatsa: a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta rama, da wa'adin mako biyu ita ma, 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka fita, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta samu sunan da muke kiranta da shi yau ba tare da kunya ba.

Akwai wani lissafin da masu shirin tafiya ba su cika yi ba, na harshen 'ya'ya. Joshua Fishman da waɗanda suka bi sawunsa sun daɗe da nuna yadda abin ke tafiya a ƙasashen Yamma: iyaye na magana da harshen gida, 'ya'ya na ji su amsa da harshen gari, jikoki ko jin ma ba su yi. Na zauna a falon abokai a Turai inda kaka ta kira daga Katsina, aka miƙa wa yaro waya, ya ce "lafiya lau" sau biyu ya miƙo ta, domin Hausarsa ta ƙare. Abin lura shi ne, inda aka karɓi mutanenmu sosai, kamar Hausawin Saudiyya masu takarda, galibi sunan ne ya rage, harshen ya tafi. Inda harshen ya rayu, kamar ƙauyukan Shuɗin Nilu da zangogin Gana, ya rayu ne saboda an zauna a gefe guda, zaman gefen kuma shi ke sa a riƙa tuna maka asalinka. Ban ce kada kowa ya tafi ba, na zaune bai ga gari ba, kuma ba ni da bakin hana likitan da ke bin albashin wata uku neman inda za a biya shi. Cewa na yi idan ɗan'uwa ya kira daga waje yana faɗin abin da yake samu a wata, a tambaye shi wace irin takarda ce a hannunsa, a wuyan wa take rataye, shekara nawa kafin ta canza, matarsa na da izinin aiki ko babu, da wane harshe 'ya'yansa ke faɗa da juna, kuma idan ya mutu ina za a sa shi. Amsoshin nan sun fi hoton dusar ƙanƙara gaya maka yadda zaman yake.

Wannan ma'auni kuwa bai tsaya a bakin iyaka ba. Tsohon birnin Kano ya san yadda ake mayar da baƙo ɗan gari, sunayen unguwanni kaɗai sun isa shaida: Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa na Larabawan Arewacin Afirka. Jikokin waɗannan Kanawa ne, babu mai tambayarsu takarda. Mulkin mallaka ne ya zo da tsarin ware baƙo a bayan gari, Sabon Garin Kano a wajen 1913, Sabon Ibadan a 1916, mu kuma muka gaje shi muka ƙara masa takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama da mallakar fili a ko'ina a sashe na 41 da na 43, sannan a sashe na 147 ya shigo da kalmar ɗan asalin jiha ba tare da ya warware rikicin da ke cikinta ba. Sakamakon haka jikan Inyamurin da aka haifa a Sabon Gari, da jikan Bahaushen da aka haifa a Jos ko Ibadan, kowannensu idan ya zo neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a tura shi wani ƙauye da bai san hanyarsa ba ya karɓo takarda. Baturken da ya sauka a Hambog a bana zai iya zama Bajamushe cikin shekara biyar. A 2025 an gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai wanda zai ba ɗan Nijeriya matsayin ɗan asalin jihar da aka haife shi ko ya yi shekara 10 a cikinta. Suka ta taso masa daga Kudu da Arewa, mai ƙudirin ya janye shi a watan Yuli na shekarar.